Maigidana ya samu rauni a laka, ɗari ya hana shi sakat: me ke faruwa da jikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matar aure ce a Mabera, nan Sakkwato. Maigidana ya yi hatsarin mota bara, ya karye a wuya, aka ce laka ta taɓu a daidai C6. Ƙafafunsa ba sa motsi, hannuwa kuma kaɗan-kaɗan. Tun da hunturu ya kama kullum kukansa sanyi, bargo uku ba ya isarsa, yana so a riƙa hura masa gawayi a ɗaki. Da bazara kuwa jikinsa ya riƙa ɗaukar zafi rau babu zufa, har aka yi ta ba shi maganin maleriya alhali gwaji bai nuna ta ba. Mahaifiyarsa ta ce sanyi ne ya shige masa ƙashi, a nemo jiƙo. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma zai daina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri.

Ɗarin da yake kuka da shi yanzu da zafin da ya yi ta fama da shi da bazara abu ɗaya ne, kuma tushensu raunin lakar nan. Sananne ne ga duk mai aiki da masu irin wannan rauni, sai dai sau da yawa a kan sallami mutum daga asibiti an yi wa iyalinsa bayanin robar fitsari da juyi da gyambo, amma ba a taɓo wannan ba. Sai sun koma gida yanayi ya juya sannan su ci karo da shi.

Jikin mai lafiya yana riƙe zafinsa na ciki a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, ko ana muku-mukun sanyi ko ana kwallar rana. Wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, haifotalamas, shi ke wannan aiki. Fata tana aika masa labarin yanayi ta cikin laka, shi kuma ya mayar da umarni ta cikin lakar. In sanyi ne, sai ya sa ƙananan jijiyoyin jini na fata su tsuke don kada ɗumi ya zurare, in abin ya yi yawa ya sa tsoka makyarkyata, domin rawar ɗari ɗumi take samarwa. In zafi ne, sai jijiyoyin su buɗe, jini ya taso kusa da fata, zufa ta karyo, iska ta busar da ita ta tafi da zafin. Jijiyoyin da ke kai umarnin tsukewa da na zufa suna fita daga laka ne tsakanin T1 da L2. Haruffan nan da kike gani a katin asibiti wuri suke nunawa: C wuya, T ƙirji da tsakiyar baya, L ƙugu. T4 tana daidai kan nono, T10 daidai cibiya. Duk wanda rauninsa yake T6 ko sama da haka, wannan matsala ta fi tsananta gare shi. Na maigida a C6 yake, sama da duk mafitar jijiyoyin nan, don haka ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, tana ba da umarni, amma umarnin ba ya isa mafi yawan jikin, labarin fata ma ba ya iso mata.

Dubi randa. Ruwanta yana yin sanyi ko a watan Afrilu saboda jikinta yana tsattsafo da danshi, iska tana busarwa. Ruwan da aka zuba a galan ɗin ƙarfe kuwa, in rana ta buɗe ya yi zafi, in dare ya yi ya yi sanyi, duk yadda waje yake haka yake. Daga wuyansa zuwa ƙasa jikin maigida ya koma kamar galan ɗin nan, yana bin yanayin ɗakin da yake ciki. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Dakta Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1958 inda suka nuna cewa masu rauni a wuya zafin jikinsu yana hawa a ɗaki mai zafi, ya sauka a ɗaki mai sanyi, fiye da na masu rauni a can ƙasan baya.

Game da sanyi musamman, abubuwa ne suka taru masa. Jijiyoyin fatarsa ba sa tsukewa yadda ya kamata, ɗumi yana ta fita. Makyarkyata ba ta yiwuwa sai a wuya da kafaɗu, wadda ba ta isa ta ɗumama jiki duka. Naman cinya da na ƙwauri, waɗanda su ne suka fi samar da ɗumi in mutum yana tafiya, sun daina aiki sun kuma rame. Ga shi ba ya iya tashi ya zazzaga ko ya janyo bargo da kansa. Sannan ba ya jin sanyin da wuri, sai ya riga ya ratsa shi, shi ya sa in ya fara kuka za ki ga an lulluɓe shi amma sai an ɗauki sa'o'i kafin ya ce ya ji dama. Ba raki ba ne, kuma ba neman a kula shi ba ne. Ina roƙon ki faɗa wa mutanen gida haka, domin kalmar "kai dai ka cika ƙorafi" tana yi wa mai jinya ciwo sosai.

Abin da na fi so ki riƙe daga duk amsar nan shi ne ki sayi ma'aunin zafin jiki, irin na batir da ake sa wa a baki ko a hammata. Ana samunsa a kowane kemis, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa, "ina jin sanyi" a bakin mai raunin laka yana iya nufin abu uku mabambanta, kuma taɓa goshi da bayan hannu ba ya rarrabe su. Akwai sanyin gaske, inda jikin ya huce, ma'auni ya nuna ƙasa da 36. Akwai jin sanyi alhali ma'auni yana 36.5 ko 37, wanda sau da yawa daga jijiyoyin da suka ji rauni ne, suna aika saƙon ƙarya. Wasu suna cewa ƙafarsu tana daskarewa, wasu su ce tana raɗaɗi da sanyi a lokaci guda. Wannan ƙarin bargo ba ya kashe shi, magani ne na ciwon jijiya da likita zai duba. Akwai kuma na uku, mai hatsari, wato ɗarin da ke zuwa gabanin zazzaɓi: mutum yana neman bargo alhali ma'auni ya kai 38 ko ya wuce. Wanda aka tula wa barguna a wannan hali an ƙara masa cuta. In za ki auna a baki, ki bari a yi kamar minti 20 bayan ya sha shayi ko ruwan sanyi. Na hammata yakan nuna ƙasa da na baki da kusan rabin digiri. Irin wanda ake haskawa a goshi kuwa ban yarda a dogara da shi ba a wannan hali, saboda zafin fata yake karantawa, fatar maigida kuma ɗakin take bi. Ki zaɓi wuri ɗaya ki riƙa aunawa a nan kullum, safe da yamma, har ki san lambar da ta zama tasa in yana lafiya.

Yanayin garin nan yana da wani abu da ya kamata ki lura da shi. A Disamba da Janairu, da asuba sanyi yakan sauka zuwa wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, amma kafin azahar ya haura 30. Mai lafiya yana yaye bargo ya cire rigar sanyi ba tare da ya yi tunani ba. Maigida kuwa in an bar shi cikin bargo ukun asuba har hantsi ya wuce, a ɗaki mai rufin kwano, sai ki same shi da zafin 38 ana tsakiyar hunturu, a ce maleriya ce. Don haka tufafin su zama hawa-hawa marasa kauri, waɗanda za a riƙa ragewa ɗaya bayan ɗaya in rana ta ɗaga, a mayar tun kafin magariba. Kada a jira sai ya ce ya ji sanyi, domin riƙe ɗumin da ke jikinsa ya fi sauƙi a kan dawo da shi bayan ya tsere.

Yanzu maganar gawayi, wadda ita ta fi tayar mini da hankali a tambayarki. Don Allah kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Gawayi yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma tana kisa. Mai lafiya ma tana kayar da shi, balle wanda ba zai iya tashi ya buɗe ƙofa ba, kuma numfashinsa dama ya ragu saboda naman tsakanin haƙarƙari ba ya aiki sosai. Haka hayaƙin janareta kusa da taga. Hatsari na biyu ƙuna ce. Na taɓa wanke wa wani saurayi ƙafa wanda ƙaninsa, don tausayi, ya ajiye masa kaskon wuta a ƙarshen gado ya lulluɓe ƙafafun da bargo. Ba wanda ya ji ihu, domin ba ya jin komai a wurin. Da safe aka yaye bargo aka tarar dunduniyarsa ta yi ɓororo, fatar gefen ƙafa ta yi fari fat ta saluɓe. Ƙunar da ba ta wuce tafin hannu ba ta ci watanni ana wanki, ta tsayar da gashin ƙashin da ake yi masa a asibiti, ta cinye kuɗin da aka tara don sayen keken guragu. Fatar da ba ta ji ba ta janyewa daga wuta, kuma in ta ƙone ba ta saurin warkewa.

Wannan doka ta shafi duk wani abu mai zafi: gorar ruwan zafi, bulon da aka gasa, dutsen guga, hita ta lantarki, kofin shayi ko kwanon tuwo a kan cinya. In ana son ɗumama shimfiɗa da gorar ruwan zafi, a sa ta kafin a kwantar da shi, a cire, ki shafa wurin da hannunki ki tabbatar ɗumi ne kawai. In akwai hita, ta yi nesa da gado da aƙalla mita ɗaya, ta ɗumama iskar ɗakin, kada ta fuskanci ƙafafunsa. In gawayin ne kaɗai abin da ake da shi, a hura a waje, a shigo da shi na ɗan lokaci taga a buɗe kuma da mutum zaune, a fitar da shi kafin a kwanta.

Abin da ya fi wuta amfani ba shi da tsada. A rufe tagogi tun la'asar sakaliya, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma inda iskar hunturu ke kutsowa. Kada katifarsa ta kasance a kan siminti tsura. A sa masa hula da ɗan mayafi a wuya, domin a nan yake jin ɗumi, kuma jin ɗumin a fuska da wuya yana kwantar masa da hankali. Safa ta zama mai sakwa-sakwa. In kin cire kin ga ta bar zane a ƙwauri, ta matse. A shanya bargo a rana da yamma a shigo da shi da ɗuminsa. Bargo mai nauyi yana danne yatsun ƙafa da dunduniya, don haka a sa filo a ƙarshen gado ya ɗage shi kaɗan. Zanen gado da ya jiƙe da fitsari ko gumi a canza shi nan take, domin jiƙaƙƙen tufa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri, ga kuma gyambo. Kunu, koko ko shayi mai ɗumi da asuba da dare suna taimakawa, kuma ya ci ya ƙoshi, domin daga abinci jiki yake samun abin da yake ƙonawa. Wanka a mayar da shi tsakar rana, a ɗaki rufe, da ruwan da kika gwada da gwiwar hannunki, a tsane shi maza a shafe shi da mai saboda kaushin hunturu. Alwalar asuba a yi da ruwan ɗumi, in kuma ta yi wuya ku tambayi malami game da taimama. Motsa masa gaɓoɓi kamar yadda masu gashi suka koya miki yana taimakon gudun jini, kuma za ki lura sanyi yana ƙara masa sanƙarewa da fizgar ƙafa. Abu ɗaya da nake gani kowace shekara: da ɗari ya kama, sai a rage juyin dare saboda ana tausayin yaye masa bargo. Juyi duk bayan awa biyu yana nan daram, kuma kowace safiya a duba ƙugu, ɗuwawu, kwatangwalo da dunduniya.

In kin auna kin ga tsakanin 35 da 36, ki ƙara masa sutura, ki ba shi abin sha mai ɗumi, ki sake aunawa bayan rabin awa. In ya sauka ƙasa da 35, ko kin ga yana magagi, magana tana sarƙewa, barci yana rinjayarsa ba lokacin barci ba, wannan na asibiti ne nan take. A lulluɓe shi a tafi, kada a tsaya gasa shi da ruwan zafi. Ki sani kuma, cuta mai tsanani a cikin jini wani lokaci da saukar zafi take zuwa maimakon hawa.

Sai abin da ya faru da bazara. Akwai alamar cewa zafin ɗaki ne ya hau kansa, tunda gwaji bai nuna maleriya ba kuma ba ya zufa. Amma kada wannan ya sa a riƙa jingina kowane zazzaɓi ga laka, domin nan ma ana asarar rai. Ga yadda nake koya wa iyalai. In ma'auni ya kai 38, a cire barguna, a kai shi wuri mai sanyi, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa, a sake aunawa bayan minti 30 zuwa awa ɗaya. In ya sauko kuma yana cikin hayyacinsa yana hira, to yanayi ne. In bai sauko ba, ko ya dawo, a nemi cuta. A fara da fitsari, domin shi ne kan gaba ga mai roba: ya yi kauri, ya yi wari, akwai jini, ko ya ragu? Sai ƙirji, ko akwai tari da majina da haki. Sai fata, ko wani gyambo yana ruwa. Sai ƙafa, ko ɗaya ta kumbura ta fi ɗaya, wanda yana iya zama gudan jini. Maleriya ma tana nan, amma gwaji kafin magani. Farasitamol yana sauke zazzaɓin cuta, ba ya sauke zafin da rana ta ɗora wa mutum. Wannan sai sanyaya jiki. In ya kai 40, ko ya rikice, ana jiƙa shi ana tafiya asibiti.

A ganina bazarar Sakkwato ta fi hunturunta hatsari ga maigida nesa ba kusa ba, kuma yanzu ne lokacin shiri. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, wuta kuma ba ta da tabbas. Fanka kaɗai ba ta wadatar da wanda ba ya zufa, domin in iskar ɗaki ta fi jikinsa zafi, zafin take hura masa. Sai an haɗa ta da ruwa. Ki samu 'yar gorar feshi, irin ta masu aski, wadda ba a taɓa zuba magani a ciki ba. Ki cika ta da ruwan randa, ki fesa masa a fuska, wuya, ƙirji da hannuwa har fata ta yi laima, sannan fanka ko mafici ya bi ta kai. Da ta bushe ki sake. Kin yi masa zufar da jikinsa ya kasa yi ke nan, kuma busasshiyar iskarmu ta bazara tana sa dabarar nan ta ci sosai. Da damina, in iska ta yi danshi, ba ta kai haka ba. Jiƙaƙƙen tawul a wuya yana taimakawa. Ƙanƙara kuwa kada ta taɓa fata tsirara, a naɗe ta a tsumma. A kula kada ruwan ya taru a ƙarƙashinsa ya jiƙa shimfiɗa. In da hali, fanka mai caji ko ta sola tana cikin abin da ya fi cancanta a kashe wa kuɗi, kuma in dangi sun tambayi me za su taimaka da shi, ki ambace ta. Zuwa asibiti a yi shi da sassafe, kada a bar shi cikin mota a tsaye a rana, kuma ki taɓa ƙarfen kekensa da wurin ɗora ƙafa kafin a zaunar da shi. Ruwan sha, yawanci lita biyu ko fiye a yini ga mai roba, sai in likitansa ya ƙayyade wani abu daban. Batun azumi, Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma ƙishirwa ga mai robar fitsari tana jawo toshewa da cuta. Ku haɗa shawarar likitansa da ta malami kafin ya ɗauka.

Ki kwashi magungunansa duka ki nuna wa likita da wannan tambaya a baki. Oxybutynin da ake bayarwa don mafitsara da amitriptyline da ake bayarwa don ciwon jijiya suna rage zufa. Baclofen na sanƙarewar jiki kuwa ba a yanke shi kwatsam, domin yanke shi yana iya kawo zazzaɓi da ruɗewa har da farfaɗiya. Kada ki tsayar da ko ɗaya da kanki. Ki kuma roƙi a auna masa yawan jini, sukari da aikin thyroid, ɗan sashen nan na wuya da in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo, saboda ƙarancin jini da raunin aikin thyroid suna sa jin sanyi ko babu raunin laka, kuma suna da magani. In yana shan taba, wannan dalili ne na bari, tana tsuke jijiyoyin ƙafa tana hana gyambo warkewa.

Akwai wata zufa da ba ta zafi ba ce, kuma dole duk mai kwana da shi ya san ta. In kin ga gumi ya karyo masa kwatsam a fuska da wuya, kai yana sara masa kamar zai tsage, hanci ya toshe, tsikar jiki ta tashi, ido yana ganin dishi-dishi, to jininsa ne ya hau farat ɗaya. Yana faruwa ga masu rauni daga T6 zuwa sama, in wani abu yana damun jikin a ƙasa wanda shi ba ya ji: mafitsara ta cika, roba ta lanƙwashe ko ta toshe, bayan gida ya taru, tufa ta matse, ƙuna, gyambo, ko farce ya shige nama. A ɗaga shi zaune, ƙafafu a ƙasa, kada a kwantar da shi. A sassauta duk abin da ya matse. A bi robar fitsari daga sama har jaka a ga ko tana zuba. Galibi da an kawar da dalilin yake sauka. In bai lafa ba cikin 'yan mintoci, asibiti, kuma ki ce musu yana da rauni a C6 kuma kina zargin autonomic dysreflexia, wato sunan wannan hawan jinin a asibiti, ki rubuta sunan a takarda ki ajiye a jaka. Masu rauni a wuya, lambar sama ta awon jininsu ta yau da kullum takan zauna tsakanin 90 da 110, don haka 140 da wani zai ce ba komai, a wurinsa hawa ne babba. Ƙarin 20 a kan lambarsa ta kullum ya isa a ɗauki mataki.

Ita Hajiya, mahaifiyarsa, gaskiyarta ne cewa ɗanta yana jin sanyi, kuma neman jiƙon nan ƙauna ce. Ki bi ta da lalama, in ya yiwu ki tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta, domin magana daga bakin suruka ba ta shiga kamar daga bakin likita. Abin da nake tsoro a jiƙo shi ne mai sa gudawa, wanda zai zuƙe masa ruwan jiki ya ɓata tsarin bayan gidansa ya jiƙa fata, da wanda ba a san me ke ciki ba ga ƙodar da dama tana cikin hatsari saboda mafitsara. Sirace da turaren wuta ƙarƙashin bargo, ƙaho, tsaga da sakiya, duk kada a yi su a fatar da ba ta ji. Addu'a da tofi kuwa a yi ta yi. Ki ba ta aikin da zai amfane shi: dama masa kunun asuba, shanya bargo, tunatar da lokacin juyi.

Kin tambaya ko zai daina. Ba zan ɓoye miki ba, ya danganta da irin raunin. In laka ba ta yanke aiki gaba ɗaya ba, wato akwai sauran ji ko motsi a ƙasan wurin, wasu suna samun sauƙi, kuma mafi yawan abin da zai dawo yakan dawo ne a watanni shida zuwa shekara ɗaya na farko, bayan nan ya riƙa tafiya a hankali. In ta yanke gaba ɗaya a wuya, yawanci matsalar daidaita zafi tana zama tare da mutum, kuma babu ƙwaya ko allurar da ke mayar da ita. Abin da ke canzawa shi ne ƙwarewar gida. Hunturun farko da bazarar farko su ne masu wuya. Bayan nan shi kansa zai fara gane alamominsa, ya ce a rufa masa tun kafin sanyin ya kama shi, ko ya ji kansa ya yi nauyi ya ce a kawo gorar feshi. Na san masu irin rauninsa da suke zama a shago, suke zuwa masallacin Juma'a, sun dai san lokacin fita da abin da za su riƙa.

Likitan da ke ganinsa zai iya gaya miki wane iri ne nasa bayan ya gwada ji da motsi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka da sashen gashi, akwai kuma asibitin ƙashi na Wamakko. Kafin ranar da za ku koma, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, lokaci, lambar da ma'auni ya nuna, abin da yake sanye da shi, da yadda fitsarin yake. Mako biyu na wannan rubutu zai nuna wa likita ko sanyin gaske ne, ko na jijiya, ko cuta ce ke ɓoye, kuma da shi zai san ko akwai maganin da ya kamata a canza kafin zafin Maris ya shigo.